Yadda za ka kalli bikin alkubus na tsibirin Cheung Chau in ka je Chana sarin kaya

Tun ranar da na ɗora bidiyon nan a status, wanda mutane ke hawan tsaunin alkubus da tsakar dare awa ƙadangaru, wayata ba ta huta ba. Wanga ya ce Alhaji ina ne nan, wancan ya ce fim ne ko gaske, har wani ɗan ƙanena da ke tsare min shago a Sabuwar Kasuwa ya rantse wai haɗin kwamfuta ne. To ba haɗi ba ne, da idona na gani, kuma tunda da yawa cikinmu 'yan Sakkwato muna zuwa Gwanzu, wato birnin Guangzhou na Chana, sarin sola da kayan waya amma daga otal sai kasuwa sai kago, mu dawo ba mu ga komi ba sai kwali da salatif, bari in rubuta yadda ake zuwa sau ɗaya kowa ya huta da tambaya.

Wurin sunanai Cheung Chau, haka za ka gani a allo, ni dai Cancau nike ce mashi kuma ba wanda ya taɓa gyara min. Ɗan tsibiri ne na masunta a yankin Hong Kong, kilomita goma ko makamancin haka daga tsakiyar birni ta kudu maso yamma. Sunan na nufin dogon tsibiri, amma in ka duba taswira kamar kalangu yake, kai biyu manya da siririn ƙugu a tsakiya, kuma a ƙugun nan ne garin yake, mutane wajen dubu 20. Babu motocin haya, babu na gida, sai keke da wasu 'yan ƙananan motocin ɗaukar kaya da 'yar motar asibiti da ta kashe gobara waɗanda in ka gan su sai ka yi dariya don ba su fi keke napep da yawa ba.

Abin da su ke kira alkubus ɗin shi ne ping on bau. Ni na sa mashi alkubus don da tururi ake dafa shi awa namu, sai dai nasu fari ne fat, mai zaƙi, an cusa mashi tuwon wake ja ko riɗi ko 'ya'yan bado a ciki, sannan an buga mashi jan hatimi a ka mai haruffa biyu na Sinanci, ping on, wato zaman lahiya. Ba a cin shi da miyar taushe, kar ka je kana nema.

Fara da kwanan wata, don nan mutane ke faɗuwa. Ba da kalandar Bature ake sa bikin ba, da watan Sinawa ne, babbar ranar ita ce 8 ga watansu na huɗu, wadda ta yi daidai da ranar haihuwar Buddha, ranar hutu ce a Hong Kong. Kenan kowace shekara sai ta matsa. A 2023 ta faɗo 26 ga Mayu, a 2024 ta faɗo 15 ga Mayu, a 2025 kuma 5 ga Mayu, ta 2026 ita ce 24 ga Mayu. Mu da muka saba da duban wata wanga ba baƙon abu ba ne gare mu, bambancin kawai nasu ba ya zagaya shekara awa azumi, don suna ƙara wata guda lokaci-lokaci, shi ya sa kullum a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu yake tsayawa. Abin daɗin shi ne baje kolin Canton Fair na bazara daga 15 ga Afrilu yake zuwa 5 ga Mayu, kenan in ka je baje koli ka ba da odar kaya kana zaman jiran kamfani ya gama ko a loda kwantena, kwanakin nan da kake kashewa kwance a otal kana cin kuɗin ɗaki, su ne kwanakin bikin.

Sai biza, kuma a nan ni na sha ƙasa karon farko. Bizar Chana ba ta shiga da kai Hong Kong. Ƙasa ɗaya ce amma tsari biyu, shige da ficensu daban, kuɗinsu daban, kuma mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Hong Kong ta kanta. Wani ejan da ke yi muna takardu ya ce min "Alhaji ai duk Chana ce, shiga kawai za ka yi", na yarda, sai da wani abokin sana'a ɗan Kano ya duba fasfona a Gwanzu yac ce min malam ko bakin boda ba za ka wuce ba. Waccan shekarar a waya na kalli bikin. Abu na biyu da ya fi wanga haɗari, in bizarka ta Chana ta shiga ɗaya ce, ranar da ka taka Hong Kong an lissafa ka fita, ba ka komawa Gwanzu da ita, kayanka na can kai kana nan. Don haka ko dai ka nemi mai shiga biyu, ko ka gama komi naka a Gwanzu tukuna ka sa Hong Kong ta zama zangon ƙarshe, ka yanki tikitin dawowa daga can, jirgin Ethiopian na tashi daga Hong Kong zuwa Addis Ababa. Kuma ka fara neman bizar tun kana gida da makonni a gaba, ba abin da ake yi a tsaye ba ne.

Daga Gwanzu jirgin ƙasa mai gudu na tashi daga tashar Guangzhou South ya sauke ka West Kowloon, tun 2018 anka buɗe layin, awa ɗaya ce ko ƙasa da haka in ka dace da mai saurin. Tahiyar da ba ta kai Sakkwato zuwa Tambuwal ba a lokaci. Kana sauka abu biyu za su faranta maka rai, WhatsApp da Google na aiki ba sai da VPN ba, kuma soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Abin da zai ɓata maka rai shi ne tsada. Dalar Hong Kong kusan 7.8 ce a dalar Amurka ɗaya, kai ka yi lissafinka zuwa naira, ni na daina yi don hawan jini. Ka canza kuɗi ka sayi katin Octopus ka zuba mashi, da shi za ka shiga jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa har ka sayi ruwa a shago.

Masauki, mafi yawan mutanenmu Chungking Mansions suke sauka a titin Nathan Road, unguwar Tsim Sha Tsui. Tsohon bene ne cike da ƙananan masaukai da 'yan canji da gidajen abincin Indiyawa da Pakistanawa, da 'yan Afirka kowane iri, ɗakunan dai in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango, amma ga abincin halal a ƙasa, ga Masallacin Kowloon a kan titi ɗaya tahiyar 'yan mintoci da ƙasa. In kana da hali ka kama ɗaki a kan tsibirin kansa ya fi, sai dai na daren bikin tun da wuri ake cinye su kuma kuɗin na ninkawa.

To ranar biki. Ka yi asuba ka karya da abu mai nauyi ka fito. Ka hau jirgin ruwan Star Ferry daga Tsim Sha Tsui ka ƙetara zuwa Central, in ka sauka ka bi bakin ruwa ka nemi tasha mai lamba 5, ita ce ta Cheung Chau. Jirage iri biyu ne, mai sauri wajen minti 35 zuwa 40, na gargajiya kusan awa guda amma ya fi arha kuma ka fi ganin teku. Ni na yi wauta, na tsaya shan shayi da hira sai wajen sha ɗaya na iso, na tarar da layi ya naɗe awa na gidan mai lokacin wahalar fetur, 'yan sanda na raba mutane kashi-kashi da igiya, jirgi biyu sunka cika sunka tahi a kan idona. Kai ka kasance a tashar kahin ƙarfe tara. Ba wai don jirgi kaɗai ba, don ka samu ka zaga garin tun tituna ba su toshe ba, ka kuma kama wurin tsayuwa.

Kar zafin Sakkwato ya ruɗe ka ka ce ai mu 'yan zafin digiri 43 ne mi za a gaya muna. Namu zafin busasshe ne, ka shiga inuwar dogon yaro ka samu sauƙi. Nasu bai fi talatin da 'yan kai ba amma jiƙaƙƙe ne, iska awa an rufe ka cikin madambaci, zufa ba ta bushewa. Na je da shadda mai sitati don a san daga ina na fito, kahin azahar ta manne min a baya awa an watsa min ruwa. Sa yadi marar nauyi, takalmi sau ciki mai daɗin tahiya, ɗauki lema don rana da ruwan sama duka don Mayu farkon damanarsu ne, ga gorar ruwa babba, ga fawa bank, ga 'yar darduma mai naɗewa.

Kana sauka ka juya hagu ka bi bakin ruwa, ba ka buƙatar tambaya, ganguna da jama'a za su kai ka. Can ne ɗakin bautar Pak Tai yake, wanda anka gina a 1783, kuma shi ne cibiyar komi. Abin da mutanen garin ke faɗi shi ne wata annoba ta taɓa afka ma tsibirin a ƙarshen zamanin daular Qing, daular sarakunan Chana ta ƙarshe, mutane na ta mutuwa, sai masunta sunka ɗauko gunkin Pak Tai sunka zaga da shi lungu-lungu, sunka yi kwanaki ba cin nama, annobar ta lafa, daga nan abin ya zama na shekara-shekara. Sunan bikin na asali Tai Ping Ching Chiu, kuma a 2011 gwamnatin Chana ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

A nan zan tsaya in yi magana ta gaskiya, don na san abin da ke ran wasu, kawuna ma da ya ga bidiyon abin da ya fara cewa ke nan, "kai ɗan nan, bautar gumaka ka tahi kallo?" Na ce mashi Kawu, abin kashi biyu ne kuma ido na rarrabe su. Akwai bangaren ibadarsu, malaman addinin Tao da rigunansu suna karatu, turaren tsinke na hayaƙi, ga manyan mutum-mutumi na takarda da gora, ɗaya shi ne wanda su ke kira sarkin fatalwa da ake ƙonawa da dare a babbar ranar, ga abincin da ake ajiye ma matattu da waɗanda teku ta ci. Wanga nasu ne, ba ruwanka, ba wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare, ni ban ma shiga ɗakin ba, daga waje na tsaya. Sannan akwai bangaren wasa da gwaninta, jerin gwanon yara da rawar zaki da gasar hawa, wanda gwamnati ma ke da hannu wajen shirya gasar, ana nunawa a talabijin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tun kahin ya yanki tikiti. Amma in ka je, to kai baƙo ne, kar ka tsaya gaban mai ibada kana selfi, kar ka nuna gunki da yatsa kana ƙyalƙyala dariya, kar ka taɓa kayan da anka jera. Ka tuna yadda kake ji in baƙo ya zo Hubbare shina ɗaga murya.

Gefen ɗakin bautar za ka ga rumfa ƙatuwa ta gora da kwano, ba ƙusa, ɗauri ne kawai, a ciki ake wasan kwaikwayon waƙa na Kantonis, yaren mutanen Hong Kong, dare da rana, tsofaffi zaune da mahuci suna gyaɗa kai. Muryar 'yan wasan siririya ce ƙwarai, minti goma ya ishe ka. Kusa da nan kuma tsaunukan alkubus ne, bisa al'ada manya uku, an ɗaure gora ta yi tsini sama an lulluɓe ta da alkubus tun daga ƙasa har ƙoli, ga ƙanana birjik na ƙungiyoyin unguwa. Waɗannan na gaske ne, kuma na sadaukarwarsu ne, washegari ake sauke su a raba ma mutanen gari. Ni ban karɓa ba kuma ban ba ka shawarar ka karɓa ba. Wanda za ka ci shi ne na gidan burodi, wanda ake fiddowa daga tururi a gabanka a buga mashi hatimi, shagon Kwok Kam Kee shi ya fi suna, layinsa kaɗai zai nuna maka shi. Ka ci shi da zafinsa, na riɗi ya fi min daɗi, na bado ya cika zaƙi.

Maganar abinci, wanga bikin ya zo muna da sauƙi ta wani gefen, don kwana uku garin ke barin nama, har McDonald's na tsibirin ke sauke nama ya koma saida boga ta naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Amma kar ka saki jiki. Na ɗaya ba kowane shago ke bi ba yanzu. Na biyu da an gama jerin gwano da la'asar a babbar ranar an buɗe baki, nama ya dawo, kuma naman da ya fi yawa a girkinsu ka san ko wane ne. Na uku ko kifi ne suna yawan zuba giyar girki. Ka sa wani ya rubuta maka da Sinanci a waya cewa ba alade, ba kitsensa, ba giya, ka riƙa nunawa. Akwai curin kifi manya awa ƙwallon tenis da ake tsirewa a tsinke, da wani tuwon shinkafa mai danƙo da mangwaro a ciki, wanga na biyun shi na fi natsuwa da shi. Ni dai na zo da dabino da ƙuli-ƙuli a jaka, sun yi min rana. In ka koma birni kana son cin abincin Sinawa hankali kwance, je Masallacin Ammar a Wan Chai, akwai kantin halal a saman benen.

Af, goro. In kana ci ka haɗiye ko ka tofa a tishu ka sa a kwandon shara. Tofar da yawu ko yar da shara a titi tarar dalar Hong Kong 3,000 ce tun 2023. Lissafa wanga a naira ka ga ko goron ya kai.

Salla kuma, ni ban ga masallaci a tsibirin ba. Ka ratsa ƙugun garin zuwa bakin ruwan Tung Wan, minti kaɗan ne, akwai banɗakunan jama'a da famfo, ka yi alwala ka nemi gefe ka shimfiɗa dardumarka, kai matafiyi ne kana da sauƙin kasaru. Sai dai ka buɗe kamfas na waya, don a can alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Mu da tun muna yara in an ce fuskanci gabas an gama magana, ranar jikina ya yi ta gardama da wayata.

Jerin gwanon da rana yake farawa, bayan azahar wajen ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu, ya kai la'asar. Ka kama wuri tun sha biyu a inda titi ya yi kwana kuma akwai inuwar bene, don da zarar 'yan sanda sun ja shinge ba ka ƙara motsi. Akwai kujerun kallo na kuɗi amma ba dole ba ne. Za a fara da tutoci da ganguna da kuge, sai masu ɗauke da gumaka a kan kujerun kafaɗa, sai zakunan ƙyalle mutum biyu a ciki suna tsalle suna kaɗa ido. Duk wanga share fage ne. Abin da kowa ke jira shi ne Piu Sik, ma'anarsa launuka masu shawagi.

Yara ne ƙanana 'yan shekara huɗu zuwa shida, an yi masu kwalliya, an tura su a kan amalanke, amma yaron ba a kan amalanken yake ba, shina sama can bisa kan jama'a tsaye a kan tsinin takobi, ko bakin mahuci, ko kan kwalba da wani yaron na ƙasa ya riƙe da hannu ɗaya. Wallahi da farko na ce wanga sai dai tsafi. Sai da wata yarinya cikinsu ta tsaya dab da ni na ƙura ido na gane dabarar. Sandar ƙarfe ce anka lanƙwasa ta bi ta cikin hannun rigar yaron ƙasa, ta ratsa cikin takobin, ta shige cikin wandon na sama, a can akwai 'yar kujera da anka ɗaure shi a kai, tufafin sun rufe komi, takalmin da kake gani a kan tsinin ma sau da yawa na bogi ne. Aikin maƙera ne tsantsa, na tuna maƙeranmu na Assada na ce da za su gani da sun ƙera. Yarinyar da ke gabana an yi mata shigar sarauniyar da, hoda fari fat, tana ɗaga ma mutane hannu tana raba alewa, can sai barci ya fara ɗibarta a sama, kai na lilo. Wani mutum da nike zaton babanta ne shina biye da doguwar sanda mai baki biyu, ya tallabe ta da ita a hankali, wata mata na yi mata fifita da ɗan fanka mai batir tana miƙa mata ruwa da tsinken sha. Jama'a sunka kwashe da tafi, ta farka ta ci gaba da ɗaga hannu awa ba ita ba.

Ba jaruman tarihi kaɗai ake kwaikwaya ba, har manyan jami'an gwamnati da 'yan wasa da duk wanda ya yi tashe a shekarar, wani lokaci da zolaya a ciki, irin dai yadda yaranmu ke yi a tashe cikin azumi. In ka ji jama'a sun fashe da dariya kai ba ka gane ba, tambayi matashin da ke kusa da kai, mafi yawansu na jin Turanci. Kuma in ka ga an yi ma yarinya shigar mai tseren allon da iska ke turawa a kan ruwa kar ka yi mamaki, Lee Lai-shan wadda ta ciyo ma Hong Kong zinarenta na farko a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ɗiyar tsibirin ce.

Bayan jerin gwano sai ka yanke shawara, don mafi yawan jama'a a nan su ke juyawa, layin jirgin komawa kuma ya fi na zuwa muni. In ka gaji kar ka ruga tasha, zauna bakin ruwa ka bari rububin ya wuce. In kuma gasar dare ta kawo ka, kana da awa bakwai na kashewa. Wasu na zuwa kogon Cheung Po Tsai, wani shahararren ɗan fashin teku na farkon ƙarni na 19 da ake cewa nan yake ɓoye dukiya, ni na je, rami ne matsattse mai duhu, mai tumbi irin nawa ya haƙura.

Gasar a filin ƙwallon da ke gaban ɗakin Pak Tai ake yin ta, ƙarfe sha biyun dare. Shiga kyauta ne amma da tikiti, ana raba shi a daren nan kusa da filin, wanda ya riga ya samu, kuma ba shi da yawa, don haka da ka yi magariba da isha ka nemi inda layin yake ka shiga. Da can ba haka abin yake ba, samarin gari ne ke afka ma tsaunukan gora ɗari-ɗari ba igiya ba komi, kowa na son ya ciro na can ƙoli don a ganinsu wanda ya fi tsawo ya fi kawo ma gida sa'a. A 1978 tsauni ya rufto da mutane, da yawa sunka jikkata, gwamnati ta hana. Shekara 27 ba a yi ba sai 2005 anka dawo da shi da sabon tsari. Yanzu tsaunin gasar na ƙarfe ne, tsawon mita 14, mutum 12 kaɗai ke hawa a wasan ƙarshe maza da mata bayan an tace su an koya masu hawa, kowa da igiyar tsaro a ƙugu. Alkubus ɗin jikinsa ma tun 2007 na roba ne, guda 9,000, don na gaske na dagargajewa ya yi santsi ga kuma ɓarnar abinci. Korona ta sake tsayar da gasar shekara uku, ta dawo a 2023.

Minti uku ne kacal. Ana buga ƙararrawa za ka ga ba wanda ya tsaya tsintar na ƙasa, kowa sama yake nufa, dalili na ƙasa maki ɗaya ne, na tsakiya uku, na ƙoli tara. Su haye awa an koro su, su maƙale da ƙafa, hannu biyu na fizga suna cusawa a buhun da ke bayansu, alkubus na zubowa ƙasa awa ƙanƙara, jama'a na ihu. Wayon shi ne saukowa, dole ƙafarka ta taɓa ƙasa kahin lokaci ya cika, mai haɗama da ya tsaya cika buhu sai ya tashi a tutar babu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu ya ga yadda dubban masunta ke jiran harbin bindiga ya san irin wanga shirun na kahin a fara, bambancin dai can awa guda ake yi cikin ruwa, nan kahin ka gama saita kyamara an gama. Shawara, ɗauki minti ɗaya a waya, sauran biyun ka kalla da idonka. In ba ka samu tikiti ba kar ka damu, tsaunin na da tsawo ana hango samansa daga wajen shinge.

Akan ƙara jirgin komawa Central bayan gasar, amma ka duba allon tasha tun da rana ka ɗauki hoton jadawalin, kuma ana gamawa ka kama hanya kar ka tsaya kallon raba kofi. Za ka iso Central wajen biyun dare, jirgin ƙasa da Star Ferry sun tashi aiki, sai tasi ko bas ɗin dare, ka ware kuɗin wanga daban a aljihu, tsaba. In kana son kiran gida lokacin ya yi daidai, suna gabanmu da awa bakwai, biyun darensu bakwai na yamma ce a Sakkwato, an fito magariba ke nan.

Tsaraba kuma kar ka yi irin tawa. Na sayo alkubus kwali guda don Inna da yara su ɗanɗana, ban yi lissafin kwana biyu a Hong Kong da kwana a hanya ta Addis da jiran jirgin Sakkwato a Abuja ba, da munka buɗe a gida ya yi tauri ya fara furfura, hatimin ne kaɗai bai canza ba. Inna ta juya shi ta shinshina tac ce "wanga shi ne abin da kuka hau sama dominsa?" Sayi na roba, akwai maƙalin makulli da 'yan matasai da maganaɗisun firij duk da siffarsa da jan hatimin, a kowane lungu ana saidawa, kuma in ka bari sai bayan jerin gwano wasu masu tebur na rage kuɗin.